Ɗumi-Ɗumi Mai Aski

Ba uwarsa ce ta raɗa masa Ɗumi-Ɗumi ba. Masu zuwa aski ne suka laƙaba masa, saboda ba ya iya buɗe baki ya ba da labari sai ya fara da cewa, "Da ɗumi-ɗuminsa!" Tun yana ɓata rai har ya haƙura, daga baya ma ya sa mai fenti ya rubuta sunan a saman ƙofar shago. Yanzu ko matarsa in ta fusata da shi take kiransa.

Shagon ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da katin waya. Akwai kujerar aski wadda ta daina juyawa ta hagu, da madubi mai tsaga a kusurwa, da benci na masu jira, da soket guda da ke ɗauke da cajar rabin layin. A faɗi gaskiya, hannunsa yana da kyau. Bai taɓa yankar kunnen ɗan kowa ba, kuma in ya gyara maka gemu sai ka yi ta neman dalilin wucewa ta gaban gilashin mota. Amma ba don hannun kaɗai ake cika bencin ba. Wasu da kansu a aske suke zuwa su zauna.

Mahaifinsu ya rasu yana ƙarami, wansa ne ya riƙe shi. Yaya bakaniken manyan motoci ne, mutum mai kaurin hannu da ƙarancin magana, wanda in ya ce maka "to" ka san an yi doguwar hira. Ya so ƙanen ya gaje shi a gareji, ya kai shi, ya ba shi sifana. Sai dai yaron ya fi son bakin direbobi a kan cikin inji. Ranar da ya bar notin taya a kwance yana sauraron labarin wani direba, Yaya bai dake shi ba. Washegari ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani tsohon mai aski, ya ce a koya masa sana'ar da surutu ba ya kashe kowa a cikinta. Injin askinsa na farko ma Yaya ne ya kawo masa, a naɗe cikin tsumman gareji.

A wancan lokacin labari da ƙafa yake zuwa. Wannan ya zauna a kujera ya zubar da nasa, wancan ya zo ya kwashe, Ɗumi-Ɗumi yana tsakiya yana tacewa. Har a dangi an san shi da wani abu guda: in an yi rashi, shi ake aika ya kai labari, don ya iya. Zai shiga gida ya yi sallama, ya zauna, ya gaisa, ya nemi ruwan sha. Sai ya ce jikin wane fa ya yi tsanani, ya dubi fuskar mai gidan, ya jira. Kafin ya kai ga kalmar, mutum ya riga ya zauna, zuciyarsa ta yi rabin tafiyar da kanta. Tsofaffin dangi sukan ce yaron nan bakinsa da yawa, amma ya san inda ake taka birki.

Sai babbar waya ta shigo. Da farko ya ɗauka gaba ta kai shi, domin ga labarin duniya duka a tafin hannunsa. Bai daɗe ba ya gane cewa abin da ke tafin hannunsa yana tafin hannun kowa. Zai ɗaga kai daga ƙeyar mutum ya ce da ɗumi-ɗuminsa, sai wani daga benci, ko kai bai ɗago ba, ya ce, "Ai mun gani." Kalmar nan ta fi zagi yi masa ciwo. Mai katin waya ya gane haka, ya mayar da ita abin wasa. Yakan leƙo tun kafin a fara labarin ya ce mun gani, ya koma rumfarsa yana dariya.

Ɗumi-Ɗumi bai yarda an kayar da shi ba. Ya buɗe zauren hira na unguwa a waya, ya buɗe na masu aski, ya buɗe na dangi, har da na tsofaffin ɗaliban makarantar da bai ƙarasa ba. Ko'ina shi ne admin. Kafin ya wanke fuska ya tura wa kowane zaure hoton fure da barka da safiya. In babur biyu suka yi karo a bakin titi, mai fanka ya ruga ya ɗaga wanda ya faɗi, shi kuma ya ruga ya ɗaga waya. Da hannu ɗaya yake cin abinci. Matarsa ta ce ta auri mutum, an sauya mata da babban yatsa. Shi kuwa cewa yake hidima yake yi wa jama'a, kuma har zuciyarsa ya yarda da hakan.

Ya sha yin tuntuɓe. Ya taɓa sanar da cewa gadar hanyar kasuwa ta karye, mutane suka yi ta zagaye, ashe hoton na wata ƙasa ne daban. Ya taɓa taya wani murnar ƙarin girma a wurin aiki kafin a faɗa wa mutumin. Duk an yi dariya an wuce, domin ba wanda ya ji rauni. Yaya kaɗai ne bai yi dariya ba. Shi har yau 'yar ƙaramar waya mai maɓallai yake riƙewa, ya ɗaure bayanta da roba. Ya taɓa ce wa ƙanen, sau ɗaya tak, magana zarar bunu ce. Ɗumi-Ɗumi ya ce ai yanzu akwai wurin gogewa.

Da Yaya ya manyanta ya bar gareji, sai ciwon ciki ya sa shi gaba, har aka kwantar da shi a asibiti aka yi masa aiki. Aikin ya yi kyau, in ji likita, amma zafin ya hana shi barci. Kwana da kwanaki yana juyi, yana cije leɓe, don ba mutum ne mai raki ba. Autarsa ce ke jinyarsa. Tela ce, mace mai shiru irin na ubanta, ta rufe shagonta ta tare a gefen gadon. Inna, matar Yaya, tana zirga-zirga tsakanin gida da asibiti da kwanuka. Babban ɗan Yaya kuwa yana aiki a wata ƙasa mai nisa, sai dai waya. Ɗumi-Ɗumi yana zuwa dubiya, kuma yana zuwa da zuciya ɗaya, domin duk duniya ba shi da kamar Yaya. Ya taɓa ɗaga waya zai ɗauki hoton ledar ƙarin ruwa, Yaya ya buɗe ido ya dube shi, sai Ɗumi-Ɗumi ya mayar da ita aljihu.

Wata safiya yana tsakiyar yi wa wani direban bas aski, ya gama ɓangaren dama bai taɓa hagu ba, sai waya ta yi ƙara. Saƙo ne daga Auta, kalma huɗu: "Baffa, Baba ya huta."

Injin ya faɗi daga hannunsa yana ta kuka a ƙasa. Ya zauna a gefen benci. Kada wani ya ce bai ji ba; ya ji, kuma hawayen da suka zubo masa na gaske ne. Mutumin da ya yi ta fama da ciwo in aka ce ya huta, kowa ya san abin da ake nufi. Amma lambar Auta tana nan a saman saƙon, dannawa ɗaya ce, kuma asibitin bai fi a hau babur a sauka ba. Bai danna ba, bai hau ba. Abin da ya zo masa a rai shi ne mai katin waya, ko wani can daban, ya riga shi sanar da mutuwar wansa, uwa ɗaya uba ɗaya, a ce masa mun gani.

Sai ya shiga neman hoto. Yaya ba ya son hoto, don haka ba su da yawa. Akwai ɗaya da yake tsaye shi kaɗai a gareji, da rigar aiki duk baƙin mai. Ɗumi-Ɗumi ya dube shi ya wuce. Ya tsaya a kan wanda aka ɗauka ranar da ya sake fentin shago. Ya yi rubutu mai kyau a ƙasa, ya goge, ya sake gyarawa: bango ya faɗi, uba ya tafi, inuwa ta gushe. Ya tura zauren dangi, ya tura na unguwa, ya tura na masu aski da na 'yan makaranta, ya ɗora a shafinsa. Direban bas yana zaune da rabin kai yana yi masa ta'aziyya.

A lokacin Inna tana gida tana juye ruwan zafi a fulas za ta kai asibiti. Maƙwabciya ce ta faɗo mata ba sallama, tana kuka, ta miƙa mata waya a fuska. Inna ba ta iya karatun boko sosai ba, amma ta ga hoton mijinta, ta ga fuskar maƙwabciya. Butar ta suɓuce, ruwan ya sauka a kan ƙafarta, ita kuma ta bi shi ƙasa. Can a ƙasar da yake, babban ɗan ya gani a tsakiyar aiki, ya fita ya bar komai, ya zauna a bakin hanya yana kiran lambar Auta, ana ce masa a kashe take. Tsofaffin abokan aikin Yaya suka rufe gareji suka nufo gidan. Kafin rana ta yi zafi ƙofar gida ta cika da takalma.

Ita kuwa Auta cajinta ne ya ƙare bayan ta tura saƙon. Ta ga ubanta ya samu barci a karon farko, har da munshari, ta ji daɗi, ta ce bari ta faɗa wa Baffa tun da shi ya fi kowa tambaya. Sai da ta samu soket a barandar asibiti ta kunna waya, saƙonni suka yi ta faɗowa kamar an kwance buhun tsakuwa. Ta karanta biyu, ta koma ɗaki da gudu ta tsaya a kan ubanta, tana kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Sannan ta kira.

"Baffa, barci na ce. Barci yake yi."

Ɗumi-Ɗumi ya ce alhamdu lillahi, kuma murnar ma ta gaske ce. Sai bayan ya faɗa ne ya tuna abin da ya aikata. Ya bi zaurukan ɗaya bayan ɗaya yana gogewa, amma aikin gama ya gama. Mutane sun riga sun ɗauki hoton rubutun sun tura gaba, waɗanda suka samu su ma sun tura. Ya rubuta gyara da manyan baƙaƙe, cewa Yaya yana nan da ransa, a yi haƙuri. Wannan bai yi tafiya ba. Ka san mutane: labarin mutuwa kowa yana son ya zama ya isar da shi, labarin wani yana barci a asibiti kuwa ba wanda zai ƙona datarsa a kai. Har mako ya zagayo ana kiran Auta daga garuruwa ana yi mata gaisuwa.

Da yammar ranar da abin ya faru ya buɗe zauren dangi, ya ga an rubuta an cire shi. Babban ɗan Yaya ne ya cire shi, wanda shi da kansa ya ɗora a matsayin admin na biyu don ya nuna masa ana yi da shi. A zauren unguwa kuwa wani ya ɗauki hoton shagon ya rubuta a ƙasa cewa nan ne ake aske mutum a binne shi da rai. An yi ta turawa. Ɗumi-Ɗumi ya yi fushi ƙwarai, ya ce mutane ba su da tausayi, ba sa tunanin abin da suke turawa zai yi wa wani. Mai fanka ya dube shi ya ce wanzami dai ba ya son jarfa.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya hana shi sukuni shi ne haɗa ido da Yaya. Ya yi shiri ya fasa, ya sake shiri ya fasa, sai da matarsa ta ɗauko jakar askinsa ta rataya masa a kafaɗa ta ce gemun Yaya ya taru, ya je ko ba zai yi magana ba.

Ya tarar da Inna a kujerar gefen gado, ƙafarta a naɗe da bandeji, an ɗora ta a kan bokiti. Tsakaninsu da wasa ne tun tana amarya, yana ce mata matarmu, tana ce masa rago. Ranar ya gaishe ta, ta amsa kamar yadda ake amsa wa mai karanta mita. Auta ta ba shi kujera ta koma bakin taga. Yaya yana jingine da filo, ya rame, amma idonsa garau.

Ashe Yaya ya sa Auta ta karanta masa duk abin da aka rubuta a ƙarƙashin sanarwar. Ya ce ba kowa ke samun wannan gata ba, ya ji ta'aziyyarsa da kunnensa. Wani da suka yi shekaru ba sa gaisawa ya rubuta cewa ya yi rashin uba. Wani da bai taɓa gani ba ya ce kullum tare suke cin abinci. Yaya ya faɗi haka yana murmushi, har Ɗumi-Ɗumi ya fara jin sanyi a ransa. Sai Yaya ya miƙa hannu ya ce a nuna masa hoton.

Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa. A hoton, Ɗumi-Ɗumi ne a tsakiya, da sabuwar riga da agogo, yana dariya, ga sunan shago ya fito tas a samansa. Yaya yana can gefe, rabin kafaɗarsa ba ta shiga ba, yana kallon wani wuri.

"Wanne ne mamacin a nan?" in ji Yaya.

Ba wanda ya yi dariya. Ɗumi-Ɗumi ya sunkuyar da kai ya ce wannan hoton ne ya fi fitowa da haske.

"Da ka ji, me ka fara yi?"

"Na yi kuka, Yaya. Wallahi na yi kuka."

"Na sani," in ji Yaya, ya miƙa masa wayar. "Amma ba ka zo ba."

Bai ƙara komai a kai ba. Ya shafa haɓarsa ya ce a rage masa wannan dajin. Ɗumi-Ɗumi ya ɗaura masa tawul, ya yi askin a hankali, kuma shi ne aski na farko a rayuwarsa da ya yi daga farko har ƙarshe bai ce uffan ba.

Da labarin wa'azi ne, da sai a ce daga ranar ya jefa wayar a rijiya. Bai jefa ba. Hali zanen dutse ne. Ya yi ɗan lokaci ba ya tura komai sai fure, sannan a hankali ya koma ruwa, sai dai yanzu yana ƙara "ba a tabbatar ba" a ƙarshen kowane labari, ko da na ɗaukewar wuta ne da kowa ke zaune a cikinta. Zauren dangi kuwa ba a mayar da shi ba. Ya aika matarsa ta yi bikon babban ɗan, aka ce za a duba. Labarin haihuwa da na tafiye-tafiyen dangi sai ya riƙa jinsu daga bakin matarsa, ita da ke cikin zauren, kuma takan ja masa rai kafin ta faɗa. Yana nuna bai damu ba, amma ya damu.

An sallami Yaya ya koma gida. Ya ɗan murmure, har yana fitowa ƙofar gida ya zauna, sannan jikin ya fara ja da baya. Ɗumi-Ɗumi yana zuwa duk mako da jakar aski. Wayar tana aljihu tana zuuu, zuuu, a jikin cinyarsa, yana daurewa kamar mai jin fitsari a cikin mota. Yaya bai sake tayar da maganar ba. Ƙafar Inna ta warke ta bar tabo, ita ma ta dawo tana amsa gaisuwa da ɗan sakin fuska, amma ba ta sake ce masa rago ba.

Wata rana ya buɗe shago kamar kullum, ya share gashi, ya tura furensa. Bencin ya cika da wuri. Ana ta hirar ƙwallo, amma hirar ba ta da gishiri, kowa yana faɗin abin da aka riga aka faɗa. Mai katin waya bai leƙo da tsokanarsa ba. Mai fanka ya shigo ya zauna, shi da ba shi da gashin da za a aske. Ɗumi-Ɗumi ya duba waya ya sake dubawa, ba wani abu sai tallan magani. Har ya ce musu yau duniya ta yi sanyi.

Wajen hantsi ya ga Auta a cikin madubi, tana tsaye a bakin ƙofa. Ba ta taɓa zuwa shagon ba. Ta gaishe shi, ta ce ya ƙarasa aikinsa, za ta jira. Ya ƙarasa, ya kaɗe wa mutumin wuya, ya cire masa tawul. Sannan ta matso ta miƙa hannu.

"Baffa, ba ni wayarka."

Ya ba ta. Ta saka a jaka ta ja zif.

"Baba ya rasu da safe. An faɗa wa kowa, kai kaɗai ka rage. Shi ya ce a bar ka ƙarshe, kuma in zo da ƙafata. Ana jiranka a gida."

Ya juya ya dubi benci. Duk sun sunkuyar da kai, har mai katin waya da ke tsaye a bayan Auta da hula a hannu. Sun sani tun kafin ya buɗe shago, kowannensu da waya a aljihu, kuma ba wanda ya rubuta ko harafi ɗaya.

Hannunsa ya tafi aljihu da kansa, ya lalubo, ya tarar babu komai. Ya sake lalubawa. Sai ya rasa abin da zai yi da hannun, ya dafa kujerar aski ya zauna a cikinta, ya rufe fuska, ya yi ta kuka yana kiran Yaya. Auta ta tsaya a gefensa har ya yi mai isarsa, mai fanka kuma ya tashi ya kashe injin, ya fara jawo ƙofar shagon.